Ragon Nowel da Wuƙar Yaya Idi

Bari in fara lissafa waɗanda ke tsakar gidanmu a ranar nan, don kada gobe wani ya ƙara ko ya rage. Akwai babanku, wanda ban taɓa kiran sunanshi ba yana raye, ba kuwa zan fara yau ba. Akwai ni. Akwai Malam Yohanna mai bishara da matarshi Saratu. Akwai Baba Dogo makaho, wanda ya riga mu duka bin Almasihu, yana zaune a rana yana jin ɗumi. Akwai yayana Idi, kawunku, dillalin bisashe a karar Dakoro. Inna, uwar da ta haife ni, sai da hantsi ta shigo. Juli, wani Bafulatani makiyayi da ke sauka gidan Yaya Idi, ya zo daf da sujada. Sai rago. Rifkatu da ke rubuta wannan tana goye a bayana, sauranku ba a haife ku ba. Saboda haka duk wanda ya ce muku ya ga tushen abin da idonshi, in ba ya cikin waɗannan, labari ya ji.

Na sa a rubuta ne domin zancen ya yi ƙiba a bakin mutane. Wasu na cewa uwarku ta fi ƙarfin mai bishara, ta kunyata shi gaban jama'a. Wasu kuma, masu son daɗin baki, na cewa ran nan rabin unguwa ya tuba. Duka biyun ƙarya ne. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ko ɗaya ba, amma abin da idona ya gani ba ya ɓace mani.

Dakoro a lokacin ba ta kai yadda kuka san ta ba. Gidan kumandan ne, Nasaran da ke mulkin gari, da rijiyoyi masu zurfi da sai jaki ko raƙumi ke jan gugansu, da kasuwa wadda ita ce ran garin. Masu bi gida biyar ne kacal. Majami'armu ɗaki ɗaya ce ta laka, jikin dangar gidanmu, ƙararrawarta kuwa ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a itacen aduwa. Babanku ya tafi kudu asibitin mishan da gyambo a ƙafa, ya dawo ƙafa ta warke, da Littafi a aljihu, ya kuma iya karanta shi. Ban bi shi nan da nan ba. Shekara biyu na sa mashi ido, ina duba ko abin na baki ne ko na zuciya. A ta uku na bi, aka yi mani baftisma aka sa mani Hannatu. Dangina ba su kore ni ba, kada ku ɗora musu abin da ba su yi ba. Gaisuwa ba ta yanke ba, suna da zaman makoki ba a daina kirana ba. Inna ta yi kuka yini ɗaya, ta share ido, ta ci gaba da kirana Laraba kamar dā. Abu ɗaya ta janye: hannunta daga kwanona. Ruwan randa za ta sha. Amma duk abin da ya shiga tukunyata ba za ta taɓa ba, domin tukunyar ta dafa yankan babanku.

Ku da kuka taso yanzu ba za ku san nauyin wannan ba. An haifi Inna tun kafin Nasara su zo, zamanin da ake kwana da mashi kusa da kai. Tana yawan gaya mana cewa a lokacinsu, in baƙo ya sauka aka yi mashi yanka ya ci, an gama, ba zai cuce ka ba, kai ma ba za ka cuce shi ba. In kuwa ya ƙi ci, a sa mashi ido har ya bar gari. Da wannan ta raine ni. Sai ga shi ita ce ke ƙin cin nawa, shekara bakwai.

Kowace babbar salla Yaya Idi kan aiko mana da karfatar ragon layya, mu ci mu yi godiya. Kowace Nowel, wadda mutanen kudu ke cewa Kirsimati, ni ma nakan dafa shinkafa da nama in rarraba wa maƙwabta da gidanmu. Ana karɓa da fara'a, ana sa albarka, kwanuka su dawo a wanke tas. Saurin dawowarsu ne ya dame ni. Tun Nowel ta farko, da gari ya waye, na zagaya bayan dangar gidan Inna. Ga shinkafata a ƙasa, kaji na tono, karen maƙwabta na kwance ya ƙoshi. Ban gaya wa kowa ba. Amma kowace shekara, washegarin Nowel, sai na je na duba, kamar mai sosa miki. Nasu na shiga cikinmu, namu na shiga cikin kare.

A shekarar da nake ba ku labari, Inna ta kwanta ciwo da damina har muka fid da rai. Ta tashi, amma ta tashi da sanda. Na dube ta na san ba Nowel da yawa suka rage tsakanina da ita ba. A shekarar ce kuma aka turo mana Malam Yohanna daga wajen Maradi. Matashi ne mai ilimi, mai agogo a hannu, mai tsoron Allah da gaske. Ubanshi ya kore shi daga gida ranar da ya bi, da riga ɗaya a wuya, wannan ku riƙe shi kafin ku yanke mashi hukunci. Wa'azinshi kuwa kamar rijiyar Dakoro yake: ruwan da daɗi, amma kafin guga ya iso sama ƙishirwa ta kar mutum. Yakan zo da takardu, ya ce abu na ɗaya, abu na biyu, har na tara. Daga ɓangaren mata nakan ƙirga masu gyangyaɗi. Baba Dogo shi ke farawa, da yake ba a gane rufewar idonshi sai ya yi minshari.

Ana saura mako uku, bayan sujadar Lahadi, Malam Yohanna ya ce bana za a yi Nowel da ba a taɓa yi ba. Za a shafe majami'a da farar ƙasa, a kafa rumfa a waje, a gayyato gari duka su ci abinci su ji bishara. Kowa ya ce amin. Na bari aka watse, na tsaya bakin ƙofa.

“Malam, wa zai yanka ragon?”

“Maigidanki mana, Mama, kamar kullum.”

“To ka rage rumfar. Mu gida biyar da karen unguwa, inuwar aduwa ta ishe mu.”

Na gaya mashi abin da nake gani bayan danga shekara bakwai, na ce rago nawa ne, ni na yi kiwonshi tun yana ɗan tunkiya da harawa da dusa, kuma bana yayana nake so ya yanka. Fuskarshi ta canja.

“Mama, in muka kira su su yanka mana, mun yarda ke nan hannunmu ƙazami ne. Yau wuƙa, gobe me? Ni an kore ni daga gidan ubana saboda sunan Almasihu. Ba zan tsaya ina kallo a ajiye shi gefe don a ci shinkafa ba.”

“Ba sunan na ajiye ba, Malam. Wuƙa na ajiye.”

“In kika yi, dole in gaya wa fasto in ya zo.”

“Gaya mashi. Ni ma zan gaya mashi, don kada ka manta wani wuri.”

Maganarshi ba ta banza ba ce, na sani tun a lokacin. Wanda aka taɓa ƙona wa gida, ko hayaƙin murhu ya gani sai gabanshi ya faɗi. Amma shi uwarshi na nesa, tawa kuwa tana bayan danga uku, tana dogara sanda.

Wurin da abin ya fi yi mani ciwo a gida ne. Na tarar da babanku yana saƙar zana a inuwa, na durƙusa na gaya mashi. Bai ɗago ba. Ya ja gamba ya soke, ya sake ja ya soke, sannan ya ce:

“Wuƙata ce ke da dauɗa, ko hannuna?”

“Babu ko ɗaya.”

“To?”

“Inna ce ba za ta ci ba. In ta mutu ba ta ci ba, ni zan zauna da abin, ba kai ba.”

Kwana uku bai yi mani magana ba sai gaisuwa. Namiji a gidanshi, ranar bikinshi, a ce wani ya zo ya yi mashi yanka, ku maza kun san abin da ake ji. A rana ta huɗu yana fita gona ɗaukar kara, ya tsaya bakin ƙofa bai juyo ba, ya ce rago naki ne. Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma a duk zamanmu bai taɓa ba ni kyautar da ta kai wannan ba.

Ranar kasuwa na ja mayafi na nufi kara, kasuwar bisashe, inda mace ba ta cika shiga ba. Na samu Yaya Idi tsakanin Buzaye biyu yana buɗe bakin wani raƙumi yana rantsuwa a kan shekarunshi. Da ya hango ni ya saki leɓen raƙumin.

“Laraba, lahiya? Ko mijin naki ne kika kawo a sayar? Ba shi da kasuwa, ƙahwa ɗaya ta taɓa lalacewa.”

“Yaya, yanka nake so ka yi mani ran Nowel.”

Ya ja ni gefe, bayan wani turken shanu, ya rage murya.

“Ni in yanka ragon bikinku? Ki rufa mani asiri. Me za a ce a masallaci?”

“Ragon bai san Nowel ba, Yaya. Harawa ya sani. A hannunka na same shi, ka san uwarshi.”

“In na yanka, da sunan Allah zan yanka, in fuskantar da shi gabas.”

“Da sunan wa kake tsammani muke yankawa?”

Ya murza carbi. Ya ce to tukunya fa. Na ce Inna ta zo ta wanke ta da hannunta, ta zauna a kanta har a sauke. Ya ce zai tambayi liman. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Dillali ne, bakinshi ba ya faɗawa gefe ɗaya sai ciniki ya faɗa. Har jajibiri ban ji daga gare shi ba.

Safiyar Nowel aka tashi da sanyi mai shiga ƙashi. Na ɗora ruwa, na tsince shinkafa, na tuƙa tuwon gero don Inna ba ta son shinkafa. Rago na turke yana tuƙa. Rana ta fito, ta hau kan danga, babu Yaya Idi. Babanku ya ɗauko wuƙarshi ya zauna yana wasa ta a dutse, bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba. Ƙarar wasin nan har yau ina jin ta. Baba Dogo daga inda yake zaune ya ce, Hannatu, in ba a yanka yanzu ba, sai dai a ci nama da la'asar. Na ce a ci da la'asar. Ban rufe baki ba muka ji sallama. Yaya Idi ne, da wuƙarshi a naɗe cikin tsumma, hannun riga a naɗe. Babanku ya miƙe, ya mayar da tashi cikin kube, ya rataye a jikin rumbu, ya je ya kwance ragon da kanshi ya kayar.

Suna cikin haka Malam Yohanna ya shigo, Saratu na biye da shi tana roƙonshi ya yi haƙuri. Yana sanye da farar rigarshi guda ɗaya tilo, wadda ta kwana biyu tana wanki da bugu. Ya zo ne ya hana, a fuskarshi na gani. Ya buɗe baki ke nan, ragon, da yake ya ci ya ƙoshi wata tara, ya fizge ƙafar baya daga hannun babanku ya soma harbi. Yaya Idi ya danne wuya da gwiwa, ko ɗagowa bai yi ba ya ce:

“Kai malaminsu, kama ƙahwar nan, kada ka tsaya kamar turke.”

Malam Yohanna ɗan manoma ne, ya yi wannan aikin sau ba adadi a gidan ubanshi. Hannunshi ya riga tunaninshi. Ya duƙa ya kama. Yaya Idi ya yi bisimilla ya ja wuƙa. Babanku a ƙafar gaba, mai bishara a ta baya, yayana a wuya, haka ragon ya cika. Da Malam Yohanna ya miƙe, hannun rigarshi na dama ya jiƙe da jini har gwiwar hannu. Ya dubi rigar, ya dube ni, ya fita. Daga baya wasu masu wa'azi sun so su ɗora manyan ma'anoni a kan jinin nan. Ni dai na san ƙafar rago ce ta kuɓuce.

Ana cikin fiɗa Inna ta yi sallama, da sandarta da ɗan ƙunshin toka a gefen zane. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba.

“Ina tukunyar?”

Na miƙa mata. Ta dirje ta da toka da rairayi sau uku, ta ɗauraye, ta shinshina, ta ɗora a murhu da kanta. Ta kife turmi ta zauna a kai. Duk abin da zan zuba sai na nuna mata, daddawa, albasa, tonka, wato barkono, da gishiri. Ba ta ce za ta ci ba. Ta ce ta zo ne ta ga kada a ɓata yankan ɗanta.

Aka buga ƙarfen aduwa. Na leƙa ta saman danga, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Yaya Idi da ya fita wanke hannu, ashe ya faɗa wa mutum biyu a bakin rijiya cewa shi ya yi yankan, kuma a Dakoro mutum biyu a bakin rijiya sun fi sanƙira. Maƙwabta sun zo, matansu sun zo, har da makiyayan da suka kwana gari, da Juli a gabansu, sanduna a kafaɗa. Ba su shiga rumfa ba, sun zazzauna gefe a rana suna jiran abinci. Amma kunne ba shi da marfi. Na bar Inna da tukunya, danga kawai ke tsakaninta da rumfar, na je na zauna ɓangaren mata.

Malam Yohanna ya fito da rigar nan, ba shi da wata. Saratu ta goge abin da ya gogu. Ya buɗe takardunshi, na ce a raina yau har abu na goma sha biyu za mu kai. Ya dubi takardun, ya dubi mutanen da ke zaune a rana, ya daɗe yana dubansu. Sai ya ninke takardun ya sa a aljihu. Ya ba da labari kawai, da irin Hausar da ake magana da ita a bakin rijiya. Ya ce wani sarki ya sa a ƙirga mutane, kowa ya koma garinsu a rubuta shi, irin yadda kumandan ke yi. Aka yi dariya, wani ya ce ashe abin daɗaɗɗe ne. Ya ce Maryamu na da tsohon ciki, suka isa gari babu masauki, ta haihu inda ake ɗaure bisashe, ta kwantar da jaririn a komin da suke cin abinci. Mata suka soma salati, namu da nasu. Ya ce da Allah ya tashi sanar da haihuwar, bai aika fada ba, bai aika wa masu karatu ba. Makiyaya ya aika wa, waɗanda ke daji da garkensu, waɗanda in sun shigo gari ake matsawa don warin tumaki. Suka tashi suka tafi da gudu su ga jaririn.

Nan Juli ya ɗaga sandarshi.

“Malam, tsaya. Da sunka tahi, wa sunka bar wa garken?”

Ni na san masu wa'azi da yawa da za su ƙirƙiro amsa nan take, su ce mala'ika ya tsare, ko su tsawata wa mai tambaya. Malam Yohanna ya tsaya, ya buɗe Littafi ya duba, ya rufe.

“Ban sani ba. Ba a faɗa ba.”

Juli ya jinjina kai, ya juya wajen ƴan'uwanshi, ya yi magana yadda kowa zai ji.

“Makiyayi ko uwarshi ta mutu sai ya samu mai tsaro kahin ya tahi. In sun bar garke ba kowa, to abin da sunka gani ya hi garke.”

“Ka gama mani wa'azina,” in ji Malam Yohanna. Ya yi addu'a gajeriya ya zauna.

Na ji wa'azi fiye da yadda zan iya ƙirgawa, na manyan fastoci da na ƙanana, na masu ihu da na masu raɗa. Babu wanda ya zauna mani kamar wannan. Ba wanda ya yi gyangyaɗi, har Baba Dogo. Ku da Allah ya ba karatu, har ɗayanku na hawa bagade yanzu, ku ji daga bakin jahila: mai wa'azin da ba ya iya cewa ban sani ba, kada ku yarda da shi in ya ce na sani. Kuma a duba fuskar mutane kafin a duba takarda. Wanda ya zo da yunwa da sanyi, abu na tara ba zai iske shi ba.

Aka shiga rabon abinci. Maza a rumfa, mata a tsakar gida. Na ga Yaya Idi ya zauna akushi ɗaya da babanku, yana tsokanarshi wai ragon mace ya fi ƙarfin maza uku. Na ga maƙwabtan da shekara bakwai suke sa mani albarka a kan abincin da ba su ɗanɗana ba, suna miƙo kwano a ƙara. Duk wannan na gani, amma ba shi nake jira ba. Na ɗauko ɗan akushin da Inna ta ba ni ranar da aka kai ni ɗaki, na sa tuwo mai laushi, na zuba romo, na yayyanka hanta ƙanana don haƙoranta sun ƙare. Na durƙusa na ajiye gabanta. Ba ta dubi akushin ba, ba ta dube ni ba. Na tashi na koma murhu na juya mata baya, na kama juya tukunyar da babu komai ciki sai ƙanzo. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Sai na ji bisimilla a hankali, irin ta tsofaffi. Saratu ta matso kusa da kunnena.

“Mama, tana ci.”

“Na ji. Kada ki kalle ta.”

Ban juya ba sai da na ji tana neman ruwan wanke hannu. Akushin babu komai, ta sa yatsa ta suɗe. Ta miƙo mani shi kamar ba abin da ya faru, ta ce a ɗebar mata saura ta tafi da shi.

Kun san ni, ba ni da rawa, ba ni da yawan dariya. Amma da mata suka ɗauko shantu da tulu aka soma waƙoƙin haihuwar Mai Ceto, ni ce na fara shiga fili, da Rifkatu a baya tana rangaji. Baba Dogo ya ce a gaya mashi gaskiya, wai ƙafar Hannatu ce yake ji ko jaki ne ya tsinke. Na yi rawa har zanena ya kusa kwancewa. Na san cewa Allahn da ya aika wa makiyaya ya ga bayan dangar nan duk shekara bakwai ɗin, ba ni kaɗai nake gani ba.

Yanzu ga abin da ya biyo baya, don kada ku ce na ɓoye. Ba wanda ya tuba ran nan, ko mutum ɗaya. Inna ta rasu a kan sallarta, Yaya Idi ma haka, Juli ya koma daji da tumakinshi. Malam Yohanna ya cika maganarshi, ya gaya wa fasto, ni ma na gaya mashi. Aka ce ba yankan ne laifina ba, ƙin jin maganar shugaba ne. Aka sa ni ƙarƙashin horo, sau biyu ana cin Jibin Ubangiji ina bencin baya ina kallo. Ya yi mani zafi, amma na zauna, ban yi gunaguni ba, don gaskiya ne na ƙi ji. Babanku ya sha ba'a a kasuwa har damina, ana tambayarshi ko matarshi ta ba shi aron wuƙa yau. Bai taɓa kawo mani zancen gida ba, a bakin wasu na ji. Ni da Malam Yohanna kuwa, har ya bar Dakoro bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ce ya yi kuskure ba. Sai dai da Nowel ta zagayo, shi da kanshi ya tambaye ni ko an sanar da Yaya Idi da wuri. Rigar nan ni na karɓa na wanke, tabon bai fita duka ba, haka ya ci gaba da sa ta.

Washegarin ranar da Inna ta ci abincina, da sassafe, ƙafata ta ɗauke ni inda ta saba. Na zagaya bayan dangar gidan Inna. Babu shinkafa, babu tuwo. Ƙasusuwa ne ƴan kaɗan, an gwaigwaye su fes, kaji sun tona sun haƙura. Karen maƙwabta ya taso yana kaɗa mani wutsiya, yana shinshina hannuna, cikinshi a lafe. Ina tsaye ina kallonshi sai na ji tari daga cikin danga.

“Wa ke nan?”

“Ni ce, Inna.”

“Na sani. Shekara bakwai ina jin takunki a nan. Me kika samu yau?”

Ta bar ni na tsaya har na ji kunya, sannan ta ce:

“Tonka ta yi yawa, Laraba, na kwana ina shan ruwa. Baɗi ki rage.”

Daga nan ban koma gida ba. Na wuce gidan Yaya Idi, na tashe shi daga kan buzun salla, na ce ya zaɓo mani ɗan tunkiya mai kyau. Kafin hantsi na ɗaure shi a turken da aka kwance na jiya, na zuba mashi harawa.